Ya kashe data a minti na 83, aka ce mu sake wasa daga farko

Abba_KofarSauri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, amma jiya tura ta kai bango. Gasar eFootball (gem ɗin ƙwallon ƙafa na waya) ɗin da ake yi a Katsina duk ƙarshen wata, wadda yawancinku kun sani, mu 32 muka shiga wannan karon, kowa ya biya ₦1,000. Na kai wasan kusa da na ƙarshe. Ina cin mutumina 2-1, minti na 83, ƙwallo na ƙafata ina jan lokaci a kusurwa, sai wasa ya tsaya cak, ya fita. Nan take na ɗauki hoton allo na tura wa masu shirya gasa. Dokar da suka rubuta da hannunsu ta ce duk wanda ya fita bayan minti na 70 an cinye shi. Amma da yake yaron na ciyaman ɗin gasar ne, shagon waya ɗaya suke zama, sai aka ce wai netwok ne, mu sake daga farko. Muka sake, raina a ɓace, ya ci ni ɗaya mai ban haushi. Da na yi magana aka goge saƙona, aka ce ina tada fitina, aka kuma dakatar da ni wata biyu.

Ba dubu ɗayan ke damuna ba. Shekara uku ina cikin tafiyar nan, ni na kawo mutum sun fi goma. Tambayata: ni kaɗai ake yi wa haka, ko kowa ya yi shiru ne? Kuma me ya kamata mu yi, mu buɗe tamu ko mu haƙura da gasa baki ɗaya?

Shamsu_PES:
Ba kai kaɗai ba ne wallahi. A watan azumi ni aka yi wa. Bambancin kawai ni ban yi magana ba.

DanMarusa10:
Abba ka yi haƙuri, amma ai kai ma ka yi kuskure. Mi ya sa ka yarda ka sake? Daga ka shiga wasa na biyu ka sa hannu a hukuncinsu ke nan. Da ka ci shi ai da ba mu ji wannan dogon bayanin ba.

Abba_KofarSauri:
@DanMarusa10 an ce in ban shiga ba cikin minti goma za a ba shi wasan. Me kake so in yi?

Injiniya_Bash:
Bari in sa baki ta fuskar aikina, don gyaran waya nake yi. Yankewar netwok da kashe data da gangan ba kamanninsu ɗaya ba. Idan sabis ne ke rauni, kafin ya yanke za ka ga alama: 'yan wasa suna santsi a fili, ka danna fasin sai bayan ɗan lokaci ƙwallon ta fita, wasan yana tsayawa yana ci gaba. Wanda ya ja allo ya danna alamar jirgi kuwa, komai na tafiya sumul sai kawai ya yanke kamar an sa almakashi. Hoton allo ba zai nuna wannan ba, shi ya sa kullum nake cewa a riƙa naɗar bidiyon allo daga minti na 60 zuwa ƙarshe. Kusan duk wayar Android ta yanzu tana da wannan a jikinta, ba sai ka sauke komai ba. Abba, naka ya yi santsi kafin ya yanke?

Abba_KofarSauri:
Ko kaɗan Injiniya. Sumul yake tafiya. Kuma minti biyu bayan nan na gan shi a kan layi a WhatsApp, har ya ɗora hoton mota a status.

Maikudi_UC:
Hahaha netwok ɗin da ya kasa ɗaukar minti bakwai na gem amma ya ɗauki hoton Benz.

Sadiq_Layout:
Ni fa zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. Na riƙe wata gasar wata takwas kafin in ajiye, kuma ko da kuɗi ba zan sake ba. Mutum 32 a gasar fitar da gwani wasa 31 ke nan. Kowane wasa sai ka bi mutum biyu da kira. Wannan ya ce yana makaranta, wancan ya ce an ɗauke wuta wayarsa saura kashi huɗu, wani ya ce babansa ya aike shi Charanchi. Ƙarfe ɗayan dare wani zai kira ka yana rantsuwa da Alƙur'ani an cuce shi, ɗayan ma yana rantsuwa, kai kuma ba ka ga wasan ba. Dubu biyar ɗin da ake cire wa masu shiryawa ko kuɗin data da kati ba ta biya, balle tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Ban ce an kyauta wa Abba ba. In doka ta ce minti 70, to minti 70 ne ko ɗan sarki ne. Amma masu cewa mu buɗe tamu, ku buɗe, bayan wata uku ku dawo ku ba mu labari.

Shamsu_PES:
@Sadiq_Layout wahalar aiki daban, son kai daban. Ba wanda ya ɗora masu dole.

Ummi_Sniper:
Ku kuna kukan minti na 83, mu ko filin ba a bari mu shiga da mutunci. Ni gem ɗin harbi na Call of Duty nake bugawa tun fitowarsa a waya a 2019, da wayar yayana na fara. Ran da na fara buɗe makirfo a cikin tawagar 'yan garin nan, wasan bai ƙare ba sai da mutum uku suka biyo ni ta akwatin sirri. Ɗaya ya ce in turo hoto, ɗaya ya ce yana sona tsakani da Allah, mutumin da ko sunana na gaskiya bai sani ba. Na ukun da na kashe shi sau shida a ɗaki ɗaya cewa ya yi in koma kicin, wai ba ni ke riƙe da wayar ba. Na kai ƙara wajen manyan, amsar da na samu ita ce "ki yi haƙuri ƙanwata, kin san halin maza." Yanzu da sunan namiji nake shiga, makirfo a kashe. Mu biyar ne mata da na sani a da, saura ni da wata 'yar Dutsin-Ma.

Hafsy_Kat:
Yaya Ummi kin faɗi gaskiya. Ni na daina ma gaba ɗaya, Ludo kawai nake yi da 'yan gidanmu.

DanMarusa10:
To amma fa tsakani da Allah mi ya kai mace cikin gem ɗin harbi da dare?

Ummi_Sniper:
Abin da ya kai ka. Turo lambar ɗaki in nuna maka.

Maikudi_UC:
DanMarusa kada ka tura, wallahi na taɓa haɗuwa da ita. Ka riƙe mutuncinka.

Kawu_Adriano:
Yara, ku bar ni in yi tsufa a nan. Mu da muka buga Winning Eleven da PES 6 a gidan gem wajen Ƙofar Ƙaura, a kan PlayStation 2 da talabijin mai ƙusumbi, ba mu san wannan rigimar ba. Naira ashirin ake biya, wanda aka ci ya tashi, na bayansa ya karɓi fad ɗin da gumin hannu bai bushe ba. Kowa na rububin Inter Milan saboda Adriano, ƙarfin shot ɗinsa 99, daga tsakiyar fili ma sai ka gwada. Wanda ya rasa ya ɗauki Brazil ya tura Roberto Carlos gaba. In janareta ya mutu ana tsakiyar wasa, mutum ashirin ne shaida a kan ci nawa ne, mai gida ya tada inji a ɗora daga inda aka tsaya. Kuma ba ka isa ka zagi uwar mutum ba, don ga shi nan kafaɗarku na gogar juna, ƙila ma yayansa na tsaye a bakin ƙofa.

Yanzu fa? Ranar nan na shiga wasa da wani, na ci shi 3-0, sai ga saƙon murya. Muryar yaro ce da ba ta gama fashewa ba, yana ɗura mini ashar har da iyayena da suka rasu. Da na bincika, ɗan maƙwabcin ƙanwata ne a Rafindaɗi, yaron da in ya gan ni a hanya har ƙasa yake durƙusawa. Ana ce mana ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. To kunyar ba ta shiga waya.

Nura_Kusugu:
Kawu Allah ya ƙara girma. Ni kukana daban ne. Mu 'yan Daura kuɗinmu ana karɓa da hannu biyu, amma duk lokacin da aka ce wasan ƙarshe ido da ido ne, a Katsina ake sa shi, kuma sai da daddare ake sanarwa gobe ƙarfe huɗu. In taso daga Daura in bi ta Mashi, kuɗin mota zuwa da dawowa tun bayan cire tallafin mai a 2023 ya kusa cinye kyautar ta biyun. Sau ɗaya na ce a kawo Daura ko sau ɗaya a shekara, wani ya ce wai akwai sabis a can? Daura ta Abdu tushen Hausa ake tambaya ko akwai sabis.

Shamsu_PES:
To akwai? 😂

Nura_Kusugu:
Da shi na ci ka 4-1 a watan jiya.

Malam_Auwal:
Assalamu alaikum. Na karanta tun daga sama, kuma akwai abin da kowa ya tsallake. Mutum 32 kowa ya zuba dubu ɗaya, ɗaya ya kwashe dubu ashirin, na biyu ya ɗauki bakwai, saura sun tashi a tutar babu. 'Yan uwa, wannan siffar ita malamai da yawa suke kira caca, ko da ƙwarewa ce ke sa a ci ba sa'a ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida a bayyane take a kan maisir. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito kuma ya taƙaita sa kyauta a tsere ga harbin kibiya da raƙumi da doki. Inda aka samu sauƙi shi ne idan wani daga waje, wanda ba ya cikin masu fafatawa, shi ya sa kyautar. Ba ina cewa gem haramun ba ne, ni ma ina taɓawa bayan isha'i. Amma ku lura, lokacin da ake bugawa don a yi dariya wa ya taɓa kashe data? Ku tambayi malaman unguwarku, kada ku tsaya a maganata.

Maikudi_UC:
Malam a yi a hankali kada 'yan Hisba su ji, mu da muke neman na data.

Sadiq_Layout:
Malam ya taɓo wani abu. Farkon gasar nan a 2021, shekarar da aka canza sunan PES ya koma eFootball, kyauta ake yi. Wani mai shagon waya ne ke ba da katin dubu biyu ga wanda ya ci, shi ke nan. Rigimar da ake yi a lokacin ba ta wuce a tsokani wanda aka yi wa biyar ba. Amma kuma gaskiya ɗaya, da babu kuɗin shiga mutane ba sa zuwa wasa a kan lokaci, rabi su ɓace a zagaye na biyu. Kuɗin ne ya sa aka ɗauki abin da muhimmanci. Shi ne kuma ya kawo wannan.

Aliyu_FUDMA:
2021 kuka ce? Ku a cikin birni kuna gasa, mu a Dutsin-Ma a watan Satumban shekarar aka rufe layukan waya, ƙananan hukumomi 13 har da Funtua da Malumfashi da Jibiya da Batsari, saboda matsalar 'yan bindiga. Sai wajen Disamba aka buɗe. Ina zagaye na uku a lokacin, aka cire ni aka rubuta "bai zo wasa ba." Da na shigo Katsina na samu sabis na yi bayani, ciyaman ya ce doka doka ce. Na yarda, ban ce komai ba. To yau ga dokar nan ta zo kan yaronsa ta zama roba.

Abba_KofarSauri:
@Aliyu_FUDMA ka gama magana. Abin da nake nufi ke nan tun farko.

Khalifa_07:
Ni ina wajen lokacin da abin ya faru, kuma ba haka aka yi ba. A shago muke, yana kan waya-fai na shagon, aka ɗauke wuta na'urar ta mutu. Kafin wayarsa ta koma kan data wasan ya riga ya yanke. Shi ya sa kuka gan shi a kan layi bayan minti biyu. Ba kyau mutum ya zo bainar jama'a yana ɓata sunan wani don an ci shi. In Abba gwani ne me ya hana shi ci a na biyun?

Injiniya_Bash:
@Khalifa_07 abin da ka faɗa yana yiwuwa, in wutar ta tafi lokaci ɗaya yankewar za ta zo ba santsi, kamar dai an kashe da hannu. Na janye rabin maganata. Sai dai dokar ba ta ce "wanda ya fita da gangan" ba, cewa ta yi wanda ya fita. An rubuta ta haka ne daidai don ba wanda zai iya tantance zuciyar mutum.

Abba_KofarSauri:
Ban kama sunan kowa ba Khalifa, kai ka zo ka nuna shagon. Kuma ko an ɗauke wuta, adalci shi ne a buga minti bakwai da suka rage ina da 2-1 a hannu. Na faɗi haka a daren, shi ne saƙon da aka goge.

Khalifa_07:
Ba a saita wasa ya fara daga minti na 83.

Injiniya_Bash:
Ba sai an saita ba. A buɗe sabon wasa, a buga har agogo ya nuna minti 7 da ɗan ƙari, a tsaya, a haɗa da cin farko. Wasu gasannin haka suke yi.

Maikudi_UC:
Tunda ana tone-tone bari in sauke nawa. Bara na sayi akawun a hannun wani ɗan cikinmu, ₦45,000, cike da katunan Epic na shahararrun 'yan wasa, ƙarfin tim ya haura dubu uku. Ɗaya daga cikin manyan ne ya tsaya a tsakani, har na ba shi dubu biyu na shaida. Kwana tara ina jin daɗi, ran na goma na tashi an fitar da ni. Ashe imel ɗin da aka buɗe Konami ID, wato rajistar kamfanin gem ɗin, da shi yana hannun mai sayarwa, ya canza kalmar sirri abinsa. Na koma wajen mai shaida ya ce shi a kan ciniki ya tsaya, ba a kan abin da zai biyo baya ba. Kuma ba inda zan kai ƙara, don dokar kamfanin ta hana sayar da akawun tun asali. Har yau yaron yana buga gasa da tim ɗin da na biya kuɗinsa. Sau biyu yana cina da shi.

Hafsy_Kat:
Innalillahi. Da kuɗinka a ci ka.

Kawu_Adriano:
Maikuɗi ɗana, kuɗin buhun masara ka ba da a kan Ronaldinho na cikin waya. Mu da Castolo da Minanda, 'yan wasan kyauta na PES, muka fara Master League, ba mu mutu ba.

Shamsu_PES:
Wannan ma wata matsalar ce da ba a so a taɓa. Yaron da babansa ke da hali ya zuba kuɗi ya sayi koin, ya tara Epic goma sha ɗaya, ya kunna Smart Assist mai taya mutum bugawa, kai kana fama da 'yan wasan kyauta. Sannan a ce gasar gwaninta ce. Tun bara nake cewa a koma kulob na ainihi, kowa ya ɗauki Arsenal ko Madrid yadda suke, a kashe taimakon. An ƙi, saboda manyan su suka fi kowa tim mai tsada.

DanMarusa10:
Nan kam na yarda da kai. Amma a hana ɗaukar Madrid.

Ummi_Sniper:
Kun gani ko? An koma maganar Madrid. Na kawo maganar mata biyar da suka zama biyu, namiji ɗaya ne ya amsa, shi ma tambaya ya yi me ya kai ni. In za ku buɗe sabuwa da irin wannan kunnen, sunan ciyaman kawai za ku canza.

Malam_Auwal:
Gaskiyarki 'yar uwa, mun yi kuskure, ni ma na wuce ta kai. Duk wanda ya bi mace ta akwatin sirri ba da izininta ba, ko ya zagi iyayen wani, a cire shi ranar, ko shi ya fi kowa iya wasa. Wannan ya fi dokar minti 70 muhimmanci a wajena.

Sadiq_Layout:
Cirewa ba ta da wuya Malam, ya sayi sabon layi ya dawo da wani suna. Mun cire wani sau uku. Abin da na ga ya yi aiki shi ne kada a karɓi kowa sai wani sananne ya tsaya masa, in ya yi laifi a dakatar da su biyun. Amma da wannan tsarin ba za ku tara mutum ɗari biyar ba, ƙila arba'in.

Nura_Kusugu:
Arba'in ɗin da aka san fuskarsu sun ishe ni. Amma a sa Daura a lissafi tun yanzu, kada a gama rabo a ce an manta.

Abba_KofarSauri:
Na gode kowa. Gaskiya ban yanke shawara ba. Maganar Sadiq ta sa jikina ya yi sanyi da riƙe gasa, maganar Malam kuma ta tsaya mini a rai, don ban taɓa kallon dubu ɗayan nan a matsayin caca ba. Akwai wani yayan abokina mai shagon kayan waya, zan tuntuɓe shi ko zai sa kyautar, ko da fawa bank ne. In ya yarda sai a yi ba kuɗin shiga. Masu sha'awa mu haɗu Asabar bayan la'asar a bakin filin wasa na Muhammadu Dikko, wajen masu shayi. Yaya Ummi, in ba za ki samu zuwa ba ki rubuto dokokin da kike so, ni zan karanta su da bakina.

Ummi_Sniper:
Zan rubuto. Guda uku ne, kada a rage ko ɗaya.

Khalifa_07:
Mu ma za mu iya zuwa, ko an hana 'yan shagonmu?

Shamsu_PES:
Ku zo, amma ku taho da janareta.

Aliyu_FUDMA:
Asabar ina da jarrabawa ƙarfe biyu, ba zan iso ba sai magariba. Kada a sake rubuta mini "bai zo ba."

Kawu_Adriano:
In akwai mai PlayStation 2 da ke aiki ya taho da ita, fad biyu na nan a ɗakina. Ɗaya maɓallin X ɗinsa na maƙalewa, wannan na DanMarusa ne.